Rigar ɗan kwana-kwana: yadda ake zaɓen yadinta, a gwada ta, a kula da ita

Babu yadin da wuta ba ta ci. Aikin riga da wandon ɗan kwana-kwana shi ne su tare zafi na 'yan daƙiƙu kafin ya isa fata, mutum ya samu ya fice da ƙafarsa. Ƙa'idar Amurka ta kayan shiga gobarar gini, NFPA 1971, ta fito da lissafin ƙarara. Ana ɗora yankin rigar da duk shafinta a kan wuta mai ƙarfin kilowat 84 a kowane murabba'in mita, kwatankwacin sa'ad da ɗaki ya kama gaba ɗaya a tashi guda, sai a auna lokacin da zafin zai ɗauka kafin ya tayar da bororo a fata. Daga wannan lokaci ake fitar da makin kariya, kuma mafi ƙarancin makin da ake karɓa 35 ne. Raba shi biyu, ka samu daƙiƙa 17 da rabi. Wannan kuwa sabuwar riga ce, busasshiya, mai tsabta. Wadda ta sha rana, ta sha bilic, ta jiƙe da gumi, ko tela ya yi mata faci da zaren kasuwa, ba za ta kai haka ba.

Bayanin da ke tafe na mai sayo kayan ne, da mai kula da sito, da wanda zai sa su a jikinsa.

Fara da sanin wace wuta za a fuskanta

Kuskuren farko tun a takardar kwangila ake yin sa, inda ake rubuta "kayan kashe gobara" ba tare da an ce wace gobara ba. Shiga rumfunan kasuwa ko bene mai ci da wuta yana buƙatar riga mai ninki uku wadda ta cika ƙa'idar Turai EN 469 ko ta Amurka NFPA 1971. A 2024 an shigar da ta Amurkan cikin sabon kundi mai lamba NFPA 1970, don haka kana iya ganin ko wacce daga lambobin biyu. Gobarar daji da ta gona lokacin hunturu ninki ɗaya take so, marar nauyi, mai lamba EN ISO 15384 ko NFPA 1977, domin mai kashe ta yini zai yi yana tafiya a rana, kuma jigatar zafi ta fi harshen wuta yi masa barazana. Kusantar tankar mai ko jirgin sama da ya kama aikin riga mai ƙyallin azurfa ne, wadda aka lulluɓe da alminiyam don ta mayar da hucin wuta baya. Lambarta a Turai EN 1486.

Akwai ta huɗu da ke ruɗa mutane: riga da wando a haɗe, galibi ja ko ruwan lemo, irin ta ma'aikatan man fetur da masana'antu, mai lamba EN ISO 11612 da hoton harshen wuta a jiki. Ba jabu ba ce, amma an yi ta ne don wutar da ta tashi farat ɗaya mutum ya gudu. Kada a tura kowa cikin hayaƙi da ita.

Zaren da aka saƙa yadin da shi

Kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa oksijin ne. Duk zaren da ke iya ci da ƙasa da haka, in ya kama sai ya ƙone ƙurmus. Auduga tana ci da kusan kashi 18, shi ya sa gobarar rumfar atamfa da shadda ke gudu kamar ana kora ta. Ulu yana buƙatar kusan 25, zaren kayan gobara irin Nomex kusan 28, zaren PBI kuwa ya haura 40. Waɗannan da zarar an janye musu harshen wuta sai wutar ta mutu da kanta. Foliyesta da nailan tasu illar daban ce: wajen digiri 250 zuwa 260 na Salshiyas suke narkewa kamar leda a kan garwashi, su manne da fata, su ci gaba da ƙona ta bayan wutar ta mutu.

Yadin da ke jure wuta gida biyu ne. Na farko juriyarsa a cikin halittar zaren take, wanki ba ya fitar da ita. Na biyu auduga ce aka ratsa ta da sinadari, kamar wadda ake sayarwa da sunan Proban. Ta fi arha, ta fi daɗin sawa, ta dace da kakin zaman tasha da aikin daji. Sai dai bilic yana kashe sinadarin, sabulun sanda kuma idan ya haɗu da ruwa mai gishirin ƙasa, irin na wasu rijiyoyin burtsatse, yana barin dafi a jikin yadin wanda shi kansa wuta ke ci. Ga rigar shiga gini, tsaya a gida na farko.

Babba a wannan gida shi ne zaren aramid, shi ma iri biyu. Nomex, wanda kamfanin DuPont ya fito da shi kasuwa a 1967, ba ya narkewa, ba ya ɗiga. Yana fara komawa gawayi ne sama da digiri 370, yana karɓar rini, yana da laushi. Kermel na Faransa da Conex na kamfanin Teijin na Japan 'yan ɗakinsa ne. Rauninsu ɗaya: a cikin wuta mai tsanani sukan takure su tsage, ƙofa ta buɗe wa wuta zuwa shafin ciki. Maganin wannan shi ne ɗaya irin, Kevlar, wanda Stephanie Kwolek ta gano a 1965, ko takwaransa Twaron. Shi ba ya takurewa sosai, kuma ƙarfinsa ya ninka na ƙarfe idan aka gwada su nauyi da nauyi. Ana cuɗa shi cikin saƙar ne ya zama kamar azara a rufin soro, ya riƙe yadin ko da sauran ya zama gawayi. Haɗin da ake kira Nomex IIIA kashi 93 Nomex ne, kashi 5 Kevlar, kashi 2 kuma zare mai sauke wutar lantarkin da guga da gogayya ke tarawa a tufa. Wanda ya taɓa jin tufa na tas-tas a hunturu ya san amfanin kashi biyun nan a wurin da fetur ya zube.

Sai PBI. NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta mayar da hankali a kansa bayan gobarar kumbon Apollo 1 a Janairun 1967, wadda ta kashe 'yan sama jannati uku, aka fara sayar da shi a 1983. Sanannen haɗinsa kashi 40 PBI ne da kashi 60 Kevlar, launinsa na asali ruwan ƙasa mai sirkin zinariya. Fifikonsa shi ne bayan wuta ta lashe shi yana nan da laushinsa, bai zama ƙamas ya farfashe ba. Yana da tsada. Akwai kuma PBO, wanda kamfanin Toyobo ke sayarwa da sunan Zylon, ya fi su duka ƙarfi amma haske da laima suna cin sa da sauri.

Abin da mai saye a ƙasa mai rana ya kamata ya riƙe shi ne duk aramid hasken rana yana ruɓar da shi, Kevlar da PBO sun fi saurin lalacewa. Riga mai tsada da aka rataye a bayan mota buɗaɗɗiya wata da watanni ba ta kai mai matsakaicin kuɗi da aka ajiye a inuwa ba.

Ninki ukun da aikin kowanne

Yadin waje, mai nauyin kusan giram 200 zuwa 260 a murabba'in mita, shi ke karɓar harshen wuta, ƙusa, kwano da fasasshen gilashi. Duba shi da kyau za ka ga ƙananan murabba'ai a saƙar, layukan zare mai kauri ne da ke tsayar da yaga kada ta zarce. An kuma shafa masa maganin da ke sa ruwa ya gangare.

Na tsakiya shi ne shingen ruwa: fata siririya ta wani irin roba mai suna PTFE da aka manna a kan yadin aramid. Hudojinta sun yi ƙanƙanta ga ɗigon ruwa, jini, ruwan batir da mai, amma tururin gumi yana fita ta cikinsu. Shi ne mafi rauni, shi ke fara mutuwa, kuma ba a ganin mutuwarsa daga waje.

Na ciki shi ne shafin tare zafi, lallausan zaren aramid da aka yi wa ɗinkin bargo a kan wani yadi mai santsi da ke taɓa jiki. Ba zaren ke tare zafin ba, iskar da ke maƙale a cikinsa ce. Kusan kashi uku cikin huɗu na kariyar zafi daga shafi biyun ciki take fitowa. Don haka ɗabi'ar zare shafi a bazara saboda zufa, a bar yadin waje kaɗai, ita ce mafi haɗari a duk abin da ake yi wa rigar nan. Daga nesa mutum ya yi shiri tsaf, alhali abin da ya rage masa bai fi kakin aiki ba.

Iskar nan abu biyu ke kore ta, ruwa da matsi. Ruwa yana kai zafi fiye da iska sau ashirin da wani abu, fata kuwa tun daga digiri 44 take fara lalacewa. Shi ya sa ƙunar 'yan kwana-kwana ta fi yawa a gwiwa idan an durƙusa a kan siminti mai zafi da ruwa, da kafaɗa inda igiyar tukunyar iskar numfashi da ake goyawa ta danne shafi, da damtse a ƙarƙashin kirtani mai ƙyalli da ake ɗinkawa don a hango mutum a duhu, inda tururi ke rasa mafita. Sau da yawa yadin waje ko tabo babu, amma mutum ya fito da bororo.

Wani ma'auni da masu saye ke tsallakewa shi ne yawan zafin jiki da rigar ke bari ya fita. NFPA ta sa mafi ƙaranci wat 205 a murabba'in mita. Ma'aunin nan da makin kariya kishiyoyi ne, in ka ƙara kaurin shafi ɗaya ya hau ɗaya ya sauka. A Amurka, inda ake ajiye lissafi duk shekara, bugun zuciya ya fi ƙuna kashe ma'aikata a bakin aiki. A Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, ga kaya da tukunyar iska masu nauyin sama da kilo 20, ya fi kyau a ɗauki riga mai maki kaɗan sama da 35 wadda ke fitar da zafi sosai, da a bi mai maki 50 wadda za ta dafa mutum kafin ya kai ƙofa.

Karanta takardar da ke ɗinke a ciki

Juya rigar, ka nemi takarda a yadin waje da wata a shafi, domin kowane ɓangare mai cirewa yana da tasa. Abu biyar za ka nema: lambar ƙa'ida da shekararta, sunan masana'anta, wata da shekarar ƙira, lambar rigar ita kaɗai, da sunan yadin kowane ninki.

A ƙa'idar EN 469 ta 2020 za ka ga haruffa uku, kowanne da 1 ko 2. X na zafi ne. Mataki na 2 yana nufin zafin bayan yadin bai ƙaru da digiri 24 ba sai bayan aƙalla daƙiƙa 13 a kan harshen wuta, da daƙiƙa 18 a gaban huci. Mataki na 1 daƙiƙa 9 ne da 10, bai dace da shiga gini ba. Y na tare ruwa ne, Z na fitar da tururin gumi. Don shiga gini rubuta X2 Y2 Z2 a kwangila baƙi da fari. Tambarin amincewar Turai, CE, dole ya zo da lamba huɗu a gefensa, ta hukumar da ke sa ido kan ingancin kayan. Kayan NFPA kuma suna ɗauke da tambarin mai gwaji mai zaman kansa, kamar UL ko SEI. Karɓi kwafin satifiket, ka tuntuɓi hukumar da ta bayar, ka tabbatar sunan samfurin ya zo daidai. Buga takarda ba wuya.

Kayan gwanjo da na tallafi daga ƙetare nan ake tace su. Ƙa'idar Amurka ta kula da kaya, NFPA 1851, wadda yanzu aka shigar cikin kundin NFPA 1850, ta ce a ajiye riga idan ta cika shekara 10 daga ranar ƙira, ba daga ranar da ta iso hannunka ba. Da yawa daga irin waɗannan kaya an sauke su ne a can saboda sun cika wa'adi. Wadda takardarta ta goge ko aka yanke, ɗauke ta a matsayin wadda ta wuce.

Gwajin ƙyalle kafin a biya kuɗi

Ka sa ɗan kwangila ya kawo ƙyallen kowane ninki, da zaren ɗinki, da kirtani mai ƙyalli, da Velcro, wato maɗaurin nan mai ƙayoyi da ake mannawa a ɓalle. In ya ƙi, yanka daga riga ɗaya da ka zaɓa da hannunka a cikin kayan da ya kawo, ba wadda ya miƙo ba.

Yanka ƙyalle mai faɗin santimita 7.5 da tsawon 30. A waje, inda ba iska, riƙe shi a tsaye da filaya, bokitin ruwa a ƙasa. Sa harshen wuta a bakinsa na ƙasa daƙiƙa 12 cif, ka janye. Ya kamata wutar ta mutu cikin daƙiƙa 2, ƙunar kada ta haura santimita 10, kuma ko ɗigo ɗaya kada ya faɗo. Aramid zai yi baƙi ya ɗan ƙage. Foliyesta zai nannaɗe ya yi ƙwallo mai tauri, da baƙin hayaƙi. Sannan wanke wani ƙyallen sau biyar ka maimaita, nan asirin yadin da aka fesa wa magani a sama kawai ke tonuwa. Kada ka manta da zaren ɗinki. Riga mai yadin ƙwarai da zaren foliyesta za ta rabu gida-gida a cikin wuta.

Gwajin nan jabu yake kamawa, ba ya maye gurbin satifiket, domin ba ya auna zafin da ke ratsawa.

Awo da abin da ake sawa a ƙasa

A auna kowa da kansa: ƙirji, ƙugu, tsawon hannu, tsawon ƙafa. Mata a nema musu yankan mata. Riga mai matsewa ta kore iska, mai yawo kuma tana kama ƙusa. Bayan an sa, a ɗaga hannu biyu sama a haɗe, sannan a sunkuya gaba da gefe da baya. A kowane hali dukkan ninkin riga su rufe na wando da aƙalla santimita 5. A miƙa hannu gaba a ga ko saƙar wuyan hannu ta zauna cikin safar hannu, a tsuguna a ga ko facin gwiwa ya faɗa a kan gwiwa, ba a ƙwauri ba.

A ƙarƙashi auduga zalla, ko ulu, ko yadi mai jure wuta. Rigar ƙwallo da ake sha'awa saboda ba ta riƙe gumi foliyesta ce, haka yawancin gajeren wando da safa na kasuwa. A cire zobe da agogo.

Wajen sawa, fara da hular saƙa mai rufe kai da wuya ka sauke ta a wuya, sai wando da takalmi tare, ka ɗora igiyoyin kafaɗa. Sa riga, ja zif har sama, rufe marfinsa, tayar da kwala. Goya tukunyar iska, sa abin rufe fuska, jawo hular saƙa ta hau bakinsa, sai hular kwano da igiyar haɓa, safar hannu a ƙarshe. Abokin aiki ya zagaya ka ya duba kunne, ƙeya, maƙogwaro da wuyan hannu.

A cikin wuta da bayan fitowa

Kada a jiƙa riga kafin shiga da sunan sanyi. In ka ji zafi kamar harbin zuma a kafaɗa ko damtse, shafi ya riga ya cika da zafi, fita nan take. Wanda ya fito da riga mai zafi kada a bubbuga shi, kada a rungume shi, matsi ne zai tura zafin da yadin ya tara zuwa fata. Mai taimako ya sa safar hannu, ya saki igiyoyin tukunya, ya buɗe rigar ya zare ta baya ba tare da dannawa ba. Bayan tukunya biyu masu minti 30, ko minti 40 na aiki mai tsanani, a huta aƙalla minti 20 a inuwa, riga a cire, wando a buɗe, a sha ruwa, a tsoma hannu zuwa gwiwar hannu cikin ruwan sanyi.

Baƙar riga ba alamar jarumta ba ce. Kunkunniya da maiƙo suna kama wuta ko da yadin bai kama ba, suna zuƙar huci, suna toshe hanyar tururi. A 2022 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aikin kashe gobara a rukuni na 1 na abubuwan da ke jawo cutar. Saboda haka wankin farko a wurin gobara ake yin sa, mutum yana sanye da abin numfashinsa: ruwa marar ƙarfi, ɗan sabulun wanke-wanke na ruwa a bokiti, buroshi mai laushi, daga hula zuwa takalmi, a ɗauraye. Binciken da aka wallafa a Amurka a 2017 ya nuna wannan kaɗai yana rage wani rukunin dafin hayaƙi a jikin riga da kusan kashi 85. Sannan a tuɓe, a ƙulle kayan a leda mai kauri, a goge wuya, muƙamuƙi da hannu, a yi wanka da wuri. Kayan kada su shiga gaban mota, kada su je gida, kada a haɗa su da wankin iyali.

Wanki da shanya

Babban wanki aƙalla sau biyu a shekara, da kuma duk lokacin da riga ta sha hayaƙi sosai. Hular saƙa kuwa bayan kowace gobara, tunda a kan fatar wuya take zama.

Zazzage aljihu. Raba shafi da yadin waje, zare igiyar jan mutum da ke bayan wuya in akwai. Rufe zif da duk Velcro, in ba haka ba ƙayoyinsa za su tsefe yadin. Juya shafi ciki ya koma waje. A wanke shafi daban, yadin waje daban, shafi da farko don dattin waje kada ya koma ɓangaren da ke taɓa jiki. Inji mai ƙofa a gaba ake so, marar sanda a tsakiya, kada a cika shi. Ruwa kada ya wuce digiri 40. Sabulun ruwa mai sauƙi, wanda ma'aunin pH nasa ke tsakanin 6 da 10.5. Juyin matsewa kada ya wuce ninki 100 na ƙarfin jan ƙasa, fiye da haka yana ɓanɓare kirtanin da ke like ɗinkin shingen ruwa. Bayan an gama a juya injin ba kaya, ya wanke kansa.

Bilic mai kulorin, irin su Hypo da Jik, haramun ne ga aramid: yadin zai fito fes, amma hannu ma zai yaga shi. Ban da maganin laushin tufa, ban da sitaci, ban da guga. Inda babu inji a ware baho don wannan aiki kaɗai, mai wanki ya sa safar roba, ya goga da buroshi mai laushi, ya ɗauraye sau uku. Ba bugu a dutse, ba murɗawa. Kada a miƙa wa mai wanki da guga na unguwa, domin duk abin da ya saba yi don tufa ta yi kyau shi ke kashe wannan.

Shanya a inuwa mai iska, a rataye, da fanka in akwai. Nan aka fi yin ɓarna, domin hannu ya saba kai wanki igiyar tsakar gida. A damina tabbatar shafi ya bushe har cikin aljihu da ƙarƙashin facin gwiwa kafin a mayar, in ba haka ba fumfuna da ƙunar tururi suna jira. Bayan bushewa yayyafa ruwa a yadin waje. In ya dunƙule ya gangare, lafiya. In ya nutse, maganin korar ruwa ya ƙare, a sabunta shi da wanda masana'anta ta amince da shi.

Dubawa

Mai riga ya duba ta bayan kowane aiki, sannan sau ɗaya a shekara wanda aka horar ya bi ta ɗinki-ɗinki ya rubuta a rajista da lambarta.

A yadin waje nemi wurin da launi ya canza. Rini yakan tashi kafin zare ya lalace, don haka canjin launi gargaɗi ne kawai. Kama wurin da hannu biyu ka ja, ka tura babban yatsa. In ya yi ƙara, ya farfashe ko ya huje, ya mutu, kuma sai an duba shafin da ke bayansa. Shafin tare zafi a kai shi ɗaki mai duhu a sa tocila a bayansa. Inda haske ya fi fitowa, zaren ya zaizaye ko ya tattare gefe. Kafaɗa, gwiwa da mazaunai suka fi yin haka.

Shingen ruwa yana da gwaji mai sauƙi. Haɗa awo 1 na sifirit ɗin goge fata da awo 6 na ruwa. Shimfiɗa shafin a bakin bokiti, ɓangaren shingen yana sama, ka lotsa shi ya yi kwari, ka zuba kofi ɗaya, ka jira minti 3. In ɗaya gefen ya jiƙe, ya huje. Gwada kafaɗa, baya, gwiwa, tsakanin cinyoyi da kan ɗinki, sannan a ɗauraye a shanya. Kirtani mai ƙyalli kuma a tsaya mita 12 da dare, tocila a saitin ido, a gwada shi da sabo.

Gyara, ajiya da saukewa

Ƙaramar yaga a yadin waje tela zai iya, in an ba shi yadi iri ɗaya da zaren aramid, kuma an cire shafi tukuna. Facin ya zarce yagar da santimita 2.5 ta kowane gefe, a naɗe bakinsa ciki. Allura kada ta taɓa shingen ruwa, kowace huda ƙofar ruwa ce. Wannan ya haɗa da ɗinka suna, tuta ko bajen hukuma ta cikin ninki uku. Gyaran shinge aikin masana'anta ne ko wanda ta horar. Kada a ɗauko shafin wata riga a sa wa wata, an gwada su ne a haɗe.

Sito ya zama busasshe, mai iska, marar hasken rana, har fitila mai dogon kwai tana cin aramid a hankali. Nesa da janareta, jarkar dizal da batir. Kwantena da ke tsaye a rana ba sito ba ce. A rataye kayan, kada a danne su da kaya masu nauyi.

Riga ta sauka idan ta cika shekara 10, yadin waje mai alminiyam shekara 5, ko kafin haka idan ta sha mai ko sinadarin da wanki bai fitar ba, ko ta faɗi gwajin yatsa a wurare da yawa. Wadda za a bari don atisayen da babu wuta a rubuta mata haka da fenti, manyan haruffa a baya. Sauran a yanke hannuwa da ƙafafu, a raba shafi biyu da almakashi, a soke lambarta a rajista, don kada wani ya tsince ta ya kai kasuwa.